Ɗaukar Hoto a Filin Kiɗa da Dare: Jagora ga Mai Koyo

Laccar da aka gabatar wa matasa masu koyon ɗaukar hoto a Zabarmari, Ƙaramar Hukumar Jere, Jihar Borno



Ina farawa da gaida iyayen ƙasa, mai girma Lawan da Bulamai, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu da ke sahun gaba, Allah ya gafarta muku, ya ƙara lafiya. Iyayenmu mata da yayyenmu da ke wancan gefe, sannunku da fitowa. Sai ku ƙannena, samari da 'yan mata, da kuka haɗa kai kuka kira wannan zama, kuka aika har Maiduguri aka taho da ni. Na san lokacin aiki ne, wasunku ma daga fadama suka wuto nan kai tsaye. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne yadda mai koyo zai ɗauki hoto a wurin kiɗa da waƙa da dare, inda haske bai wadata ba: daren wushe-wushe, kamun amarya, majalisi, zaman mandiri a watan Maulidi, ko kalangun samari bayan an kai amfanin gona gida. Na kasa maganar gida bakwai. Wanda wani abu ya shige masa duhu ya riƙe tambayarsa, za mu zo kanta a ƙarshe.

Na farko: me ya kawo maganar hoto a garin manoma?

Wani dattijo zai iya tambaya, kuma yana da gaskiyarsa: garin da ke fama da tsadar taki da fargabar zuwa gona, ina ruwansa da hoton makaɗi? To, ku ɗauki waya ku rubuta sunan Zabarmari a intanet, ku ga abin da zai fara fitowa. Gawarwaki ne a jere cikin likkafani. Hotunan ranar Lahadi 29 ga Nuwamba 2020 ne, ranar da aka yi jana'izar manoma 43 da aka kashe a gonakin shinkafa na Koshebe, Gwamna Babagana Umara Zulum yana cikin mahalarta. Allah ya jiƙansu da rahama, ya ƙara wa iyalansu haƙuri. Da yawa daga cikinku jininku ne. Waɗannan hotuna gaskiya suka faɗa, kuma da su duniya ta san abin da aka yi mana. Amma shi ke nan labarin garin nan? Daga wannan shekara zuwa yau, aure nawa aka ɗaura a Zabarmari? Suna nawa aka raɗa? Dare nawa ganga ta tashi, yara suka yi rawa har ƙura ta turnuƙe? Wa ya ɗauka? Ɗan jarida ba ya tasowa daga Abuja don bikin ɗan manomi. In ba ku ɗauka ba, babu mai ɗauka.

'Yar'uwarmu Fati Abubakar, haifaffiyar Maiduguri, wadda ta karanta aikin jinya kafin ta rungumi kyamara, ta lura da irin wannan giɓi. A 2015 ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram, tana sa hotunan 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar Sallah, a lokacin da ba a jin komai game da Borno sai tashin bam. Manyan kafofin labarai na duniya suka ɗauki aikinta. Ina so wani a cikinku, ko wata, ya yi wa dararen Zabarmari irin wannan hidima, domin yawancin shagalinmu sai rana ta faɗi, an dawo daga gona, ake yin sa. Kuma kada mu manta, sana'a ce. Masu ɗaukar hoton rana sun yi yawa. Wanda ya iya na dare shi ake nema, shi kuma ake biya da daraja.

Na biyu: ka karanta haske kafin ka taɓa kyamara.

Abin da mai koyo ya fi yi shi ne ya iso fili a makare, ya ɗaga kyamara ya hau dannawa. Ƙanena, ka iso da wuri, kafin magariba in da hali. Ka bar kyamara a jaka, ka zagaya wurin da idonka. Ƙwan fitila nawa aka rataya, kuma a ina? Janareto ne ko sola? Ina aka shimfiɗa wa makaɗa tabarma? Tun Janairun 2021, da aka lalata turakun wutar da ke zuwa Maiduguri ta hanyar Damaturu aka daɗe a duhu, mutanenmu suka ƙara sabawa da ƙananan ƙwayayen sola. Filin biki yawanci ƙwai biyu ne ko uku, a kan gora ko a jikin rumfa, sai fitilar mai bidiyo da tocilan wayoyi. Da wannan za ka yi aiki, don haka ka san shi.

Ga ƙa'ida ɗaya ta haske, ku rubuta ta. In nisan mutum da fitila ya ninka, hasken da ke sauka a fuskarsa yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Mawaƙin da ke taku biyu daga ƙwai yana samun haske ninki huɗu a kan wanda ke taku huɗu, ninki tara a kan wanda ke taku shida. Me wannan ke nufi a aikace? Ka je wurin mai biki cikin ladabi ka ce, “Baba, don Allah a ɗan jawo tabarmar makaɗa kusa da fitilar nan,” ko ka nemi a sauko da ƙwan ƙasa kaɗan. Wannan bai ci ko kwabo ba, amma ya fi maka amfani a kan ƙarin kuɗi mai yawa a kan kyamara.

Sai inda hasken ke fitowa. In ƙwan yana bayan mawaƙi kai kuma kana gabansa, fuskarsa baƙa ƙirin za ta fito. Ka tsaya yadda fitila za ta kasance a gefenka, ta haska rabin fuskarsa, ɗaya rabin ya shiga inuwa. A nan ne kumatu da goshi da gumi suke fitowa da siffarsu. In ƙwan yana bisa kansa daidai, hula za ta yi masa inuwa, idanu su zama rami, sai ka jira ya ɗaga kai. Haske daga baya ma yana da ranarsa. Mu Borno gidan turaren wuta ne: ku lura da kaskon da ake zagayawa da shi kusa da amarya, in fitila ta bugi hayaƙin daga baya, sai ya fito fari tas yana murɗawa a kan lafayar mata. Ƙurar da ƙafafun 'yan rawa ke tayarwa ma haka take. Wanda ya ga wannan ya durƙusa ya ɗauka, ya samu hoton da ba a mantawa. Fitilun DJ masu launi kuwa, ja da shuɗi suna ɓata launin fata. Ka ƙirga yadda suke juyawa, ka danna lokacin da fari ko rawaya ya zo. In ya gagara, ka mayar da hoton baƙi da fari.

Na uku: abubuwa uku da ke cikin kyamara.

Nan ne ƙashin bayan maganar, ku ba ni hankalinku. Ku manoman shinkafa ne, kun san ban ruwa. In kana so fangali ya cika, ko dai ka buɗe bakin ruwa da faɗi na ɗan lokaci, ko ka buɗe kaɗan ka bar shi ya daɗe yana shiga. Haka kyamara take da haske: akwai faɗin ƙofa, akwai tsawon lokacin da take a buɗe.

Faɗin ƙofar shi ne lambar da ke gaban harafin f. Ƙaramar lamba babbar ƙofa ce: f/1.8 ya fi f/5.6 buɗewa nesa ba kusa ba. Gilashin da yawanci ke zuwa tare da kyamara, mai 18 zuwa 55, da zarar ka jawo shi ƙarshe sai ya tsuke zuwa f/5.6, shi ya sa yake ba ku kunya da dare. Akwai ɗan ƙaramin gilashi, 50mm f/1.8, yana cikin mafi araha a wurin Canon da Nikon, ana kuma samun na hannu. Hasken da yake shigarwa ya kusa ninki goma na f/5.6. In kuɗinka na sayen abu ɗaya ne tak, ka riƙe tsohuwar kyamararka ka sayi wannan. In a tsakar gida mai ƙunci ka fi aiki, 35mm f/1.8 zai fi ba ka sarari. Sai dai ka sani, in ƙofa ta buɗe haka, wurin da ke fitowa tangaran siriri ne ƙwarai. A nisan mita biyu bai kai taƙi ɗaya ba. In ka saita a kan makirufo, idon mawaƙi zai yi dishi-dishi. Saboda haka kullum ka saita a kan idon da ya fi kusa da kai. In kyamara tana ta kai da komo ta kasa kamawa saboda duhu, ka yi amfani da ɗigon saiti na tsakiya, ka ɗora shi inda haske da duhu suka haɗu, kamar bakin hula da goshi, ko aikin wuyan riga.

Na biyunsu shi ne saurin ƙiftawa, wato lambobin nan 1/30, 1/125, 1/250, waɗanda ke nufin kason daƙiƙa. In ka bar kyamara ta zaɓa da kanta a duhu, za ta sauka 1/30 ko 1/15 don ta tara haske. A cikin wannan lokaci hannun makaɗi ya riga ya tashi ya sauka, naka hannun ma ya motsa, sai hoto ya fito a goge. Mawaƙin da ke tsaye yana waƙa, 1/125 ya ishe shi. Mai kalangu ko ganga kura, 1/250. 'Yan rawa masu tsalle, 1/500 in haske ya yarda. Ka juya kyamara zuwa M, ka riƙe wannan lamba da hannunka.

Na ukunsu ISO, wato yadda kyamara ke ƙara wa ɗan hasken da ta samu ƙarfi. In ka ɗaga shi hoto yana haske, amma yana yin tsaki-tsaki. An tsoratar da masu koyo da wannan tsaki-tsaki har sun ƙi wuce 400. Ni kuwa ina gaya muku, ku ɗaga shi. Tsofaffin kyamarori irin Canon 600D da Nikon D3200 suna ɗaukar 1600 zuwa 3200, sababbi kuma 6400 bai dame su ba. Tsaki-tsaki ana rage shi a kwamfuta ko a waya, kuma a fuskar waya, inda yawancin mutane za su ga hoton, da ƙyar ake lura da shi. Hoton da ya goge saboda motsi kuwa ba shi da magani. Wace uwar amarya ce ta taɓa mayar da hoto don tsaki-tsaki? Amma ka kai mata wanda ba a gane fuskar 'yarta, ka ji abin da za ta ce.

Ga inda za ku fara, daga nan ku gyara: f/1.8, 1/200, ISO 3200. Ka ɗauka ka duba. In ya yi haske da yawa, sauke ISO. In ya yi duhu, matsa kusa da fitila, ko ka sauko 1/125 ka jira lokacin da motsi ya lafa.

Abu biyu kafin in bar nan. Kyamara in ta ga duhu ya cika fili, ɗauka take aikinta ne ta haskaka shi duka, sai ta ƙona farar shadda ta wanke fuska. Dare ne, ku bar shi ya fito dare. Ka auna haske a kan kumatun mutum, sannan ka duba ko zaren aikin rigarsa yana nan bai ɓace cikin fari ba. Fatarmu baƙa ce, rigunan bikinmu kuma farare ne masu sheƙi, don haka wannan matsala ta fi damunmu a kan yadda littattafan Turawa ke nunawa. In kyamararka tana ɗaukar RAW, kunna shi, domin yana ba ka damar dawo da abin da ya ɓuya a inuwa da gyara launin fitila daga baya. Abu na biyu, wani lokaci za ka ga layi-layi masu duhu sun ratsa hoto. Ba kyamara ce ta lalace ba. Wutar ƙasar nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wasu ƙwayayen kuma suna ƙyaftawa sau 100, ido ba ya gani amma kyamara tana kamawa. Ka koma 1/100 ko 1/50, yawanci layin zai tafi. Ƙaramin janareto ba ya tsayawa a kan gudu ɗaya, sai ka gwada lambobin da ke kusa har ka dace.

Na huɗu: masu waya.

Na ga wasu sun sunkuyar da kai, suna cewa a zuci, mu da ba mu da Canon fa? Yawancinku Tecno ne ko Infinix ko itel a aljihu, kuma da su za ku fara. Kafin komai, ka goge idon kyamara da ƙyalle mai tsabta. Maiƙon yatsa shi ke sa fitila ta yi doguwar wutsiya a hoto. Kada ka jawo hoto da yatsu biyu, domin yanka shi kawai wayar ke yi tana buɗa shi. Ka taka da ƙafarka ka matsa, ka zauna a kan babbar kyamarar, wadda aka rubuta wa 1x, ita ta fi shan haske.

Wurin da aka rubuta Night, wayar tana ɗaukar hotuna da yawa a jere cikin daƙiƙa biyu ko uku ta haɗe su. Yana da kyau ga abin da ba ya motsi: amarya a zaune, lallen hannunta, ganguna a jingine kafin a fara, ko faɗin fili gaba ɗaya. Ga mai rawa kuwa, zai ba ka mutum mai hannu huɗu. A nan sai ka shiga Pro, in wayarka tana da shi, ka sa saurin ƙiftawa da ISO kamar yadda na faɗa. In babu, ka taɓa fuskar mutumin a kan gilashin wayar, alamar rana za ta fito, ka ja ta ƙasa kaɗan. Ka manna gwiwar hannunka a haƙarƙari, ka jingina da bango ko turken rumfa. Ban da lasifika, domin rawar da take yi za ta shiga hotonka. Kuma in kana da aboki, ka ba shi tocila ya lulluɓe ta da farin hankici, ya tsaya daga gefe ya haska. Za ka yi mamakin yadda fuska ke yin laushi.

Na biyar: ka san kiɗan.

A nan ne kuka fi duk wani baƙo, ko da kyamararsa ta kai kuɗin gona. A duhu ba ka da saurin da zai tsayar da kowane motsi, don haka dole ka san lokacin da motsi ke tsayawa da kansa. Kuma kiɗanmu cike yake da irin wannan lokaci. Ku dubi tsarin waƙar Hausa: jagora ya ba da baiti, 'yan amshi su karɓa. Lokacin da suka karɓa, me jagoran yake yi? Yana tsaye cik, hannu a sama ko yana nuna wanda yake wasawa, yana jan numfashi, idonsa a kan jama'a. Wannan ne lokacinka. Wanda ya san waƙar yana jin zuwansa tun daga nesa, yatsarsa tana kan maɓalli tana jira.

Ku dubi mai algaita. Kumatunsa a cike, yana shaƙar iska ta hanci yana hurawa ta baki ba tare da sauti ya yanke ba, jijiyar wuyansa a miƙe, gumi yana bin gefen hularsa. Yatsunsa ne kawai ke motsi, kansa kuwa yakan daɗe a wuri ɗaya, musamman in ya ɗaga bakin algaitar sama. Ko a 1/100 za ka same shi tangaran. Mai kalangu kuwa, yawancin masu koyo makaɗin da ke hannunsa suke bi. Ku dubi ɗaya hannun, da hammatar da ke matse tsarkiya tana sassautawa, domin a nan maganar kalangu take fitowa. In makaɗin ya ɗan goge a hoto alhali fuska da tsarkiya sun fito sarai, hoton ya ƙara rai ne, domin mai kallo zai ji bugun. Mai rawa ma, duk tsallen da ya yi akwai ɗan lokacin da ya kai ƙololuwa kafin ya fara saukowa. Rawar iyayenmu mata Kanuri da ta Larabawan Shuwa, da yake a natse ake yin ta, ta fi sauƙin kamawa. Ka jira lokacin da gefen lafaya ya buɗe ya kama haske.

Kuma ka riƙa juyawa kana duba bayanka. Tsohuwar da ta rangaɗa guɗa, yaron da ya hau katanga, maroƙin da ke kirari da jijiyar wuya a waje, angon da kunya ta rufe shi a tsakiyar abokai: rabin labarin daren a wajen 'yan kallo yake. Shekara ashirin nan gaba, waɗannan fuskoki iyali za su fi nema.

Na shida: filasha.

A manyan wuraren wasa na Turai da Amurka, al'ada ita ce a ba masu hoto waƙoƙi uku na farko, kuma ban da filasha. Mu ba mu da wannan doka, amma dalilinta yana nan: walƙiya a idon mawaƙi tana raba masa hankali. Bayan haka, ƙaramar filashar da ke jikin kyamara ko waya ba ta wuce 'yan taku kaɗan. Tana wanke na gaba, ta bar na baya a duhu, ta kashe duk wannan kyan fitila da hayaƙi da muka yi magana a kai. A hunturu kuwa, ƙurar da ke iska tana mayar da hasken, hoto ya cika da fararen ɗigo. In kana da babbar filasha mai juya kai, ka harba ta sama ta bugi farar rumfa ko farin bango ta dawo a hankali, kuma ka rage mata ƙarfi.

Ban ce filasha haramun ce ba. Malick Sidibé na Bamako a Mali da ita ya yi suna. A shekarun 1960 yakan hau keke da dare yana bin wuraren rawar matasa ɗaya bayan ɗaya, ya koma ya wanke fim kafin gari ya waye, matasa su zo su zaɓi nasu su biya. Hotonsa na 1963, na wani saurayi da ƙanwarsa suna rawa, yana cikin sanannun hotunan Afirka. A 2007 aka ba shi babbar lambar girmamawa ta baje kolin fasaha na Venice a Italiya, ya rasu a 2016. Me ya sa tasa filashar ta yi kyau? Domin yana matsowa kusa sosai, kuma matasan sun san shi, sun yarda da shi, suna son ya ɗauke su. Kayan aikinsa ba su kai wayar da ke aljihunka iya ganin duhu ba. Yardar mutane ce jarinsa, wadda kuma ita ce ta kawo ni ga batu na ƙarshe.

Na bakwai: mutunci, tsaro da amana.

Wannan ya fi duk lambobin da na lissafa nauyi, kuma ina so iyayenmu su zama shaida na faɗa. Kafin ka ɗaga kyamara, ka gaida mai biki, ka gaida shugaban makaɗa, ka nemi izini. Kada ka tsaya tsakanin mawaƙi da wanda yake wa waƙa, kada ka tsallake ganga, kada ka toshe wa dattawa gani. Ka durƙusa, ka ɗauka, ka matsa. Wurin mata, in ba a kira ka ba kada ka shiga. Shi ya sa nake roƙon iyayenmu su bar 'yan mata su koyi wannan sana'a: kamu da lalle da kiɗan ƙwarya na cikin gida, mace ce ta dace ta ɗauke su, kuma kuɗin ya zauna a hannun 'ya'yanmu.

Izinin ɗauka daban, izinin yaɗawa daban. Matar aure ta yi rawa a bikin ƙanwarta cikin 'yan'uwanta, kai kuma ka ɗora a TikTok ko Facebook don a yaba maka. Ka san abin da zai biyo baya a gidanta? Aure ya sha mutuwa a kan irin wannan. Hoton biki na mai biki ne, shi za ka miƙa wa, kuma ba ka sa ko ɗaya a intanet sai wanda ke ciki ya amince. Haka maganar liƙi: dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana liƙa naira da taka ta, kuma a 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da mutane a kotu da hujjar bidiyon da aka yaɗa. Kada hotonka ya jawo wa wanda ya gayyace ka fitina.

Tsaro kuwa, kun fi ni sanin inda muke. Ba a ɗaukar sojoji, ko shingen bincike, ko 'yan gora a bakin aiki, sai da izini bayyananne. Kada ka sanar a intanet cewa ga taro ana yi yanzu a wuri kaza. Ka bari a watse, gari ya waye. In an sa lokacin tashi, ka tashi. Babu hoton da ya kai ranka.

Sai amanar ajiya. Kada ka canza gilashi a tsakiyar ƙura, ka shiga ɗaki ko ka juya cikin jaka. Ka zo da batir biyu a cike da memori na ƙari. Da ka koma gida, ka kwafe hotuna wuri biyu, ɗaya a intanet in da hali. Ambaliyar 10 ga Satumba 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ta shiga gidaje a Maiduguri da Jere, ta tafi da wayoyi da kwamfutoci da albam-albam na aure da ba za a sake samun irinsu ba. Kuma in ka ɗauki ɗari uku, kada ka miƙa ɗari uku. Ka zauna ka tace, ka ba da talatin masu kyau, ka rubuta sunan makaɗan da ranar da unguwar.

Ga aikin da zan bar muku. Kada ku jira biki. Yau da dare, kowa ya sami ƙwan fitila ɗaya da ƙaninsa ɗaya, ya ba shi jarka ya riƙa kaɗawa. Ka ɗauke shi a taku biyu, ka ɗauke shi a taku huɗu. Fitila a gaba, a gefe, a baya. A 1/30, a 1/125, a 1/250. Ka jera su ka kwatanta. Ku yi haka har mako ya zagayo, sannan ku haɗu ku duba na juna. Ku kuma masu kyamara, ku riƙa ara wa marasa ita.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Borno da Najeriya lafiya. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu, wanda kuma ya zo da kyamara ko waya yana son a duba masa saiti, ya matso gaba da ita mu gani tare.